Mene ne kayan da, kuma waɗanne ne doka ta hana cinikinsu?

Kayan da su ne tsofaffin kayan aikin gida da aka daina mora, ake saye don ƙawata ɗaki: akushi, tasoshin tagulla, ƙwarya mai zane, adudu, takobi, har ƙyauren tsohon zaure. A Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa ta Nijar, yawanci gado ne daga jeren kakanni.

Dillalai ne ke bin ƙauyuka da kasuwannin mako suna saye da araha, su kai Yamai ko Kano, inda kuɗin ke ninkuwa. Jabu ma ba ya kaɗan. Akan turara sabon akushi da hayaƙi, a shafe shi da mai har ya yi baƙi. Na gaske kuwa bakinsa ya siɗe da hannu, cikinsa duk sawun cokali ne, wani lokaci da ɗinki a inda ya tsage.

Kayan da aka tono daga ƙasa hukuncinsu daban. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 1997 ta kare kayan tarihi, kuma fitar da su waje sai da izinin hukuma. Tukwane da mutum-mutumin yumɓu na Bura, a yammacin ƙasar, sun sha wawaso har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000.

Masu gado ne suka fi cutuwa, don sukan sayar a lokacin yunwa ba tare da sanin daraja ba. Mai sayen kayan tono kuma yana iya rasa kayan da kuɗinsa a hannun kwastan.