Daga Barno Zuwa Santambul: Jakadanci Mai Shekara Ɗari Huɗu

Duk wanda ya san Yarwa ya san Limanti, unguwar nan ta cikin tsohon gari da ta samo sunanta daga limamai. To, wani limamin Barno ne, Ahmadu ɗan Fartuwa, ya bar mana labarin zamanin Mai Idrisu Aloma, sarkin da ya aika jakada har Santambul tun ba a san za a yi wata ƙasa wai ita Nijeriya ba. A lokacin babban birnin Barno shi ne Gazargamu, don ita Yarwa sai cikin 1907 aka kafa ta.

Ga abin da ya kawo aiken. Cikin 1551 Turkawa suka ci Tarabulus, sa'an nan suka miƙa hannu kudu zuwa Fazzan, wadda ita ce mashigar ayarin Barno in za su bakin bahar. Fatake da mahajjata suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Maimakon ya ɗaura yaƙi, sai Mai Idrisu ya tashi wani mutum ana ce da shi Alhaji Yusufu, ya ƙetare Sahara ya kai kuka gaban Sarki Muradu na Uku.

Amsa ta fito cikin 1577. Muradu ya ƙi sakin wata ganuwa ta Fazzan da Barno ta nema, amma ya umurci hakimansa su bar fatake da alhazan Barno su wuce lafiya. Watau jakada bai samo duka ba, amma ya samo abin da talaka ya fi bukata: hanya. Limam Ahmadu kuma ya rubuta cewa akwai Turkawa 'yan bindiga cikin rundunar Mai.

Bayan mulkin kai, zumuncin ya sake tsirowa da sabuwar kama. Turkiyya ta buɗe ofishin jakadancinta a Ikko cikin 1962, ta mai da shi Abuja cikin 2001, Nijeriya kuma ta buɗe nata a Ankara. Cikin 1997 ƙasashen biyu suka shiga ƙungiyar D-8 da aka kafa a Santambul. Shugaba Buhari ya je Turkiyya cikin 2017, Shugaba Erdogan kuma ya zo Abuja cikin 2016 da 2021.

Barno ba ta yar da gadon ba. Alhaji Baba Gana Kingibe, wanda mutanen kudu suka fi sani da takarar da ya yi tare da Abiola cikin 1993, ma'aikacin jakadanci ne tun asali. Ya wakilci Nijeriya a Girka da Pakistan, ya riƙe Ministan Harkokin Waje daga 1993 zuwa 1995, daga baya Tarayyar Afirka ta aike shi Sudan kan rikicin Darfur.

Jama'a, mu mazauna kurmi ba sai an fassara mana wannan aiki ba. In motar goro ta maƙale a hanya, ko rigima ta tashi a kasuwar shanu, wa ake nema? Sarkin Hausawa, ko a Agege ko a Sabo ta Ibadan. Shi zai je ya zauna da masu gari, ya yi haƙuri, ya sassauta inda ya kamata, ya tsaya inda ya kamata. Abin da Alhaji Yusufu ya yi ke nan a Santambul. Baƙo ba ya rasa mai magana da yawunsa, sai in ya raina wakilinsa.