Karatun Tarihin Sumer Domin Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, masu tsawon milimita 15 ko 28 a mafi yawan lokuta, a kan teburin da aka tsara shi tamkar filin daga, sannan su gwabza bisa rubutattun dokoki, suna auna tazarar da runduna za ta ci suna kuma jefa ɗan lido domin yanke sakamakon kowace arangama. Wasan ya kafu a Ingila bayan da H. G. Wells ya wallafa Little Wars a 1913, kuma da yake mai wasa shi ne yake fente sojojinsa da hannunsa, dole ya san suturarsu da makamansu da dalilin da ya kai su fagen fama. Wanda ya zaɓi Sumeriyawa zai tarar cewa shaidar yaƙinsu kaɗan ce, saboda haka ingancin karatunsa ya danganta da iya bambance abin da aka tono a ƙasa da abin da marubuta suka ƙiyasta.

Sumeriyawa sun zauna a kudancin Iraƙi na yau, tsakanin kogin Dijla da Furat, inda suka gina birane masu cin gashin kansu irin su Ur da Uruk da Kish da Lagash da Umma, kowanne da sarkinsa da abin bautarsa, suka kuma bar dubban allunan yumɓu da aka rubuta ta hanyar danna tsinken kara a kan ɗanyen laka. Zamanin da ya fi jan hankalin masu wasa shi ne daga wajen 2600 zuwa 2334 kafin Miladiyya, lokacin da biranen suke yaƙar juna a kan gonaki da ruwan ban-ruwa, har Sargon na Akkad ya murƙushe Lugalzagesi ya haɗe ƙasar a ƙarƙashin mulki ɗaya.

Kusan duk wani sojan Sumer da ake sayarwa a yau an kwaikwayo siffarsa ne daga abubuwa biyu. Na farko shi ne akwatin da ake kira Tutar Ur, wanda Leonard Woolley ya tono a maƙabartar sarakunan Ur a shekarun 1920, yana kuma gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Tsawonsa kimanin rabin mita ne, an ƙawata shi da ɓawon kifin teku da jan dutse da shuɗin dutse mai daraja, kuma a fuskarsa ta yaƙi ana ganin dakaru sanye da kwalkwali da alkyabba mai ɗige-ɗige, a ƙasansu kuma kekunan yaƙi masu ƙafa huɗu na toshiyar katako, kowanne da mahaya biyu da kwarin masu a goshinsa, dabbobin da ke jan su suna tashi daga tafiya zuwa sukuwa suna tattake abokan gaba. Na biyu shi ne Dutsen Ungulaye da ke gidan tarihi na Louvre a Faris, wanda Eannatum sarkin Lagash ya kafa wajen 2450 kafin Miladiyya domin tunawa da nasararsa a kan Umma, inda sojoji suke tafe kafaɗa da kafaɗa a bayan manyan garkuwoyi masu kusurwa huɗu, masu sun leƙo ta tsakaninsu, ungulaye kuma suna ɗauke da kawunan waɗanda suka faɗi. Duka biyun ayyuka ne na yabon sarki, don haka suna nuna yadda fada take so a ga yaƙin.

Rikicin da ya haifi wannan dutse shi ne ya fi kowane labari amfani ga mai wasa, domin Lagash da Umma sun shafe tsararraki suna jayayya a kan wani fili mai albarka da ake kira Gu'edena, tun bayan da Mesilim sarkin Kish ya shata musu iyaka ya kafa dutse a kanta. Rubutun da Enmetena na Lagash ya bari ya ba da labarin yadda aka tumɓuke alamun iyaka aka kuma yi rigima a kan bashin sha'ir, kuma Jerrold Cooper ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya yi musu sharhi a wani ɗan littafi na 1983 kan rikicin iyakar biranen biyu, wanda daga cikinsa za a iya tsara jerin yaƙe-yaƙe masu dalili da sunayen sarakuna na gaskiya, muddin an tuna cewa galibi bakin Lagash ake ji.

Ta fuskar karatu mai daɗi kuwa, History Begins at Sumer na Samuel Noah Kramer, wanda ya fito a 1956, yana da gajerun babobi kan makaranta da shari'a da noma da yaƙi, Ancient Iraq na Georges Roux na 1964 kuma ya jero tarihin daki-daki, sai dai dukansu sun tsufa, shi ya sa ya kamata a haɗa su da Sumer and the Sumerians na Harriet Crawford na 1991, wanda ya dogara da binciken tono. Littafin da aka rubuta musamman domin masu wasa shi ne Armies of the Ancient Near East na Nigel Stillman da Nigel Tallis na 1984, mai ɗauke da zanen sojoji da bayanin tufafinsu, yayin da Warfare in the Ancient Near East to 1600 BC na William Hamblin na 2006 ya fi zurfafa nazarin makamai da ganuwa da dabarun kewaye birni.

Amfanin haɗa tsoho da sabo yana fitowa fili a batun dabbobin da ke jan keken yaƙi, waɗanda tsofaffin littattafai suke kira jakunan jeji, amma binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2022 a kan ƙasusuwan da aka tono a Umm el-Marra ta Siriya ya nuna cewa dabbar da allunan suke kira kunga, wadda ake ganin ita ce take jan kekunan, ruwa-biyu ce, uwarta jakar gida, ubanta jakin jejin Siriya. Haka nan masana sun saɓa a kan ko keken yana kutsawa cikin sahun abokan gaba ne ko kuwa aikinsa kai manya filin daga da korar waɗanda suka karye, kuma kundin dokokin wasa yana iya ɗaukar ɓangare ɗaya a wannan saɓani ba tare da ya faɗa ba.

Adabin Sumeriyawa shi ma taska ne, musamman labarin Gilgamesh da Aga, wanda ya bayyana yadda sarkin Kish ya kewaye Uruk bayan dattawan gari sun nemi a miƙa wuya, matasa kuma sun zaɓi yaƙi, kuma Jami'ar Oxford ta ajiye fassararsa ta Ingilishi kyauta a intanet. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da Kramer ko Roux domin sanin ƙasar, a zauna da hotunan Tutar Ur da Dutsen Ungulaye kafin a buɗe gwangwanin fenti, sannan a koma ga Cooper da Hamblin idan an zo tsara yaƙi, kuma duk inda littafi ya faɗi launin riga ko yawan runduna, a duba wane allo ko wane kabari ya dogara da shi.