Kwana biyu a zangon horon karnuka

Kare yana da aiki a ƙasar Hausa. Yana gadin gida da dare. Yana bin makiyayi daji. Da rani mafarauta suna fita da shi, ya kamo musu zomo. Amma ba kasafai ake ganin babban mutum yana wasa da kare ba.

A Faransa kuwa akwai wasanni da mutum yake yi tare da karensa. Ana yin gasa, ana ba da maki, ana ba da kyauta, kamar yadda ake yi a kokowa ko sukuwar dawaki. Babbar ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ita ce «Société centrale canine». An kafa ta a birnin Paris a shekarar 1881. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙungiyoyi masu yawa, a birane da ƙauyuka. Kowace tana da filinta, wanda aka kewaye da waya.

Yawancin masu koyarwa a waɗannan filaye ba a biyan su albashi. Aikin sa kai suke yi. Wani manomi ne, wani malamin makaranta, wata kuma tana aiki a asibiti. Da faransanci ana kiran mai koyarwa «moniteur». Tun da suna da aikinsu daga Litinin zuwa Jumma'a, sai a ranakun Asabar da Lahadi suke samun damar ƙara ilimi. Shi ya sa ake shirya musu zango na kwana biyu. Ana gayyato wani gwani daga nesa, ya zo ya koya musu.

Asabar da safe

Tun da sassafe motoci suke fara isowa. A bayan kowace mota akwai keji, a cikin kejin akwai kare. Waɗanda suka zo daga nesa suna kafa tanti a gefen fili.

Kafin kare ya shiga, sai an duba takardunsa. Dokar Faransa ta tilasta a yi wa kowane kare shaida. A da ana yi masa zanen lamba a cikin kunne. Yanzu an fi sa masa wata ƴar na'ura ƙarama kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. Ana kuma duba littafin allurar rigakafinsa, don kada kare ɗaya ya kawo wa sauran cuta.

Daga nan sai wani abin mamaki ya faru. Darasin farko ba da kare ake yin sa ba. Ana barin karnuka a inuwa, da ruwa a gabansu. Mutane ne suke zaune a kan benci, da littafi da alƙalami, kamar ƴan makaranta.

Gwanin yana koya musu yadda za su karanta jikin kare. Kare ba ya magana, amma jikinsa yana faɗin abin da ke ransa. In ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, tsoro yake ji. In yana yawan hamma, yana lasar leɓe, yana kau da kai, to ya takura. In ya sandare, ya kafa wa mutum ido, gashin bayansa ya tashi, gargaɗi yake yi. Ko kaɗa wutsiya ma ba kullum ne take nufin murna ba. Mai koyarwa da bai san waɗannan alamu ba yana iya sa a ciji wani a filinsa, wataƙila ma yaro.

Sai kuma darasin lada. Idan kare ya yi abin da ake so, ana ba shi ɗan guntun nama ko cuku, ko a jefa masa ƙwallo. Amma dole a ba shi nan take. In an ce masa ya zauna, ya zauna, sai aka tsaya laluben aljihu har ya tashi, sannan aka ba shi nama, to tashin aka saka masa, ba zaman ba. Wannan ɗan jinkiri shi ne kuskuren da sababbin masu horo suka fi yi. Don haka wasu suna riƙe da wata ƴar aba da ake dannawa ta yi ƙara «ƙas». Ana danna ta daidai lokacin da kare ya yi daidai, nama ya biyo baya.

Duka ma haka yake, ba ya koyar da abin da mai dukan yake tsammani. Ga mutum ya kira karensa, karen ya yi ta yawo, bai zo ba sai bayan an jima. Da ya zo, sai mutumin ya zabga masa igiya don haushi. Me karen ya koya? Ya koyi cewa zuwa wurin ubangidansa yana jawo duka. Gobe in an kira shi, zai ƙara nisa.

Filin tsalle-tsalle

Da hantsi ake fito da karnuka. Wasan da ya fi jan mutane sunansa ajiliti. A Ingila aka fara shi, a shekarar 1978, a wani babban bikin nuna karnuka da ake kira Crufts, a birnin Landan. Mutum biyu, John Varley da Peter Meanwell, su suka shirya shi don kada ƴan kallo su gaji da zama. Sun kwaikwayi gasar tsallen dawaki. Wasan ya burge jama'a, ya bazu ƙasashe da yawa.

A fili ana jera shingaye daga 15 zuwa 22, kowane da lambarsa. Tsawon hanyar yana kamawa daga metir 100 zuwa 220. Akwai sanduna da kare yake tsallakewa. Akwai taya da aka rataye, ya bi ta tsakiyarta. Akwai dogon bututu mai lanƙwasa, ya shiga ta nan ya ɓullo ta can. Akwai katako biyu da aka jingina da juna kamar jinka, tsayinsu metir 1 da santimetir 70, ya hau ya sauka. Akwai siririyar gada mai faɗin santimetir 30. Akwai katakon lilo, wanda yake karkata idan kare ya wuce tsakiyarsa. Wanda ya fi wuyar koyo shi ne turaku 12 da aka jera a layi ɗaya. Kare yana ratsa su dama da hagu, kamar yadda ƙoshiyar masaƙi take ratsa zare. Tilas ya shiga da turken farko a kafaɗarsa ta hagu.

A ranar gasa kare yana gudu ba igiya, ba komai a wuyansa. Ubangidansa ba ya riƙe nama, ba ya taɓa kare, ba ya taɓa shinge. Murya da hannu da motsin jiki kawai yake da su. In kare ya ka da sanda, an ci shi maki 5. In ya ƙi shiga shinge, maki 5 ne. In ya ƙi har sau 3, ko ya ɗauki shingen da ba shi ne na gaba ba, an fitar da shi.

Kare bai san lamba ba. Ba kuma a nuna masa hanyar tun da wuri, domin alƙali yana sake tsarin shingaye a kowace gasa. Mutane kaɗai ake ba ƴan mintoci su zagaya filin su haddace. Wanda bai san wasan ba, in ya ga manyan mutane suna ta gudu a fili, suna nuna wa iska hanya da hannu, suna kiran karen da ba ya nan, sai ya ce ko sun taɓu.

A nan ne gwanin yake da aiki sosai. Yana tsaye a gefe, amma ba karen yake kallo ba. Ƙafafun mutumin yake kallo, da kafaɗunsa. Ga wata mata ta ce wa karyarta ta shiga bututu, karyar ta wuce ta tsallake sanda. Matar ta fara faɗa. Gwanin ya tsai da ita, ya nuna mata inda ƙirjinta ya fuskanta lokacin da ta yi magana: sandar ta fuskanta, ba bututun ba. Bakinta ya ce abu ɗaya, jikinta ya ce wani. Karyar ta bi jiki, don shi ta fi ganewa. Aka sake gwadawa, matar ta juya kafaɗa, karyar ta shige bututu kamar kibiya.

Masu koyarwa suna kuma koyon kiyaye lafiyar dabba. A ƙarshen gada da lilo da katakon hawa an shafa fenti mai launi dabam. Dole kare ya taka wurin kafin ya sauka, don kada ya diro daga sama ya ji rauni. Ba a sa kwikwiyo tsalle mai tsawo, saboda ƙasusuwansa ba su yi ƙwari ba. Sai kare ya cika wata 18 yake shiga gasa. In rana ta take, ana dakatar da komai. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi, kuma zafi yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Mai rigar cizo

Da yamma, a wani fili dabam, ana yin wasan da ake kira «ring». Karen da ya fi shahara a nan shi ne malinuwa, wanda ya samo sunansa daga garin Malin na ƙasar Beljik. Yana haura katanga ta katako da take iya kai metir 2 da santimetir 30. Ana jefa masa nama, ya ƙi ci, don ba daga hannun ubangidansa ya fito ba. Ana ajiye masa kwando a ce ya tsare.

Sai wani mutum ya fito sanye da wata riga mai kauri ƙwarai, tun daga wuya har idon sawu. Yana riƙe da sandar gora da aka tsattsaga, yana kaɗa ta tana ƙara. Ana sakin kare, ya ruga ya kama rigar. Ƴan kallo sukan ɗauka cizon ne gwaninta. Alƙali kuwa sakin yake jira. Da ubangida ya ba da umarni, dole kare ya buɗe baki nan da nan. Akwai ma lokacin da ake kiran sa yana dab da kama mutumin, sai ya juyo bai taɓa shi ba. Tun daga shekarar 1999, dokar Faransa ta hana kowa koya wa kare cizo sai wanda aka ba izini. Kuma kafin kare ya fara wannan wasa, sai ya ci jarrabawar da take nuna cewa yana zama lafiya cikin mutane.

Baƙo daga Azawak

A wasu filayen tsere na Faransa ana ganin wani kare siriri, mai dogayen ƙafafu, mai launin yashi. Ɗan Nijar da ya gan shi zai gane shi. Karen Azawak ne, na makiyayan kwarin da ya ratsa arewacin Tawa zuwa ƙasar Mali. A can yana gadin zango, yana korar barewa da zomo. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970.

A Faransa ba ya farauta, domin tun 1844 doka ta hana farauta da irin waɗannan karnuka masu gudu. Sai aka yi masa dabara. Ana ɗaura tsumman leda a bakin doguwar igiya, inji yana jan ta, tana karkata dama da hagu kamar zomo. Ana sakin karnuka biyu, kowane da takunkumi a baki, su bi ta a guje. Karen Azawak ba ya sakin jiki da baƙo, kuma ba ya jure tsawa. Mai horon da ya daka masa tsawa sau ɗaya yana iya yin kwanaki yana lallashi.

Lahadi

Ranar Lahadi da safe ake kawo ƴan kwikwiyo, masu wata biyu zuwa shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana barin su su yi wasa da juna. Ana nuna musu laima da keke da mutum mai hula, ana sa su taka leda mai ƙara, don kada su girma da tsoron komai. Kare matsoraci shi ya fi saurin cizo.

Bayan cin abincin rana sai a juya al'amarin. Kowane mai neman zama «moniteur» yana fitowa tsakiyar fili. Ana ba shi mutum biyar ko shida da karnukansu, a ce ya koyar da su. Gwanin yana zaune da takarda yana rubutu. Shin muryarsa tana kaiwa ƙarshen fili? Ya lura da karnuka biyun nan da suke hararar juna, ya raba su tun kafin su kama faɗa? Ya ga tsohon nan da igiya ta naɗe masa ƙafa? Ya gyara wa mutum kuskurensa ba tare da ya kunyata shi a gaban jama'a ba? Wani ya iya kare ƙwarai, amma ba ya da haƙuri da mutane. Irin wannan sai a ce ya koma ya ƙara shiri, ya dawo wani zangon.

Da la'asar ake kwance tantuna. Ana tattara sanduna da bututu a kai ɗakin ajiya. Kowa yana zagaya fili da leda, ya kwashe kashin karensa. Karnuka suna shiga keji, kafin mota ta fita ƙofa sun yi barci. Waɗanda suka ci jarrabawa za su tsaya a filin garinsu ranar Asabar mai zuwa, sababbin mutane da sababbin karnuka suna jiran su.