Minecraft Da Rigimar Bugun Java

Iyaye da dama a zangonninmu sun san sunan Minecraft, watau wasan nan na kwamfuta da yara ke gina gidaje da tubala a ciki. Wani mutumin Suwidin, Markus Persson, shi ya fara fitar da shi a 2009, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san abin da ke sa wasan ya ƙi tashi alhali kwamfutar lafiyarta lau, har a kai ta wurin mai gyara a biya kuɗi a banza.

Asalin wasan da harshen Java aka rubuta shi, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995. Kwamfuta ba ta jin wannan harshe kai tsaye, sai ta hanyar wani tafinta da ake sa mata, shi ma Java ake ce masa. To, tafintan nan bugu-bugu ne, kamar littafin makaranta. Tsohon tafinta ba ya karanta abin da aka shirya don sabo. Minecraft 1.17 na 2021 ya buƙaci Java 16, kafin shekarar ta ƙare 1.18 ya ce sai Java 17, a 2024 kuma 1.20.5 ya koma Java 21.

Mutum zai ce, ai sai a sa sabon bugu a huta. Ina! A nan ne masu yi wa wasan kwaskwarima suka shigo. Su dai 'yan sa-kai ne da ke rubuta ƙari, wanda suke kira mod, su sa injuna, dabbobi ko sababbin ƙasashe a cikin wasan. Da yawa daga cikin aikinsu mafi farin jini an gina shi ne kan Minecraft 1.12.2 na 2017, ta hanyar Forge, shi kuwa Forge na wannan bugu ba ya tafiya sai da Java 8 ta 2014. Dalili kuwa, Java 9 ta sauya yadda ake loda sassan shiri, ta toshe ƙofar da tsohon Forge ke bi. Ka ga ke nan sabon tafinta ma yana iya ƙin tsohon aiki.

Maganin ba shi da wuya. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar Java 8, 17 da 21 tare, shirye-shirye irin su Prism Launcher kuma suna barin mutum ya zaɓa wa kowane wasa nasa. Mu a ganinmu, yaron da ya koyi wannan ya ƙaru fiye da wanda ya haddace sunayen sassan kwamfuta don jarrabawa.

Sai dai masu tsofaffin kwamfutocin gwanjo su lura: daga 1.20.5 zuwa sama wasan ba ya tashi a kan Windows mai bit 32. Na wayar hannu kuwa bugun Bedrock ne, da C++ aka rubuta shi, ƙarin Forge ba ya shiga cikinsa sam.