Bayani a Kan Harshen Yaro da Kuɗin Inshora a Ƙasar Amurka

Wannan bayani ne a kan wata mas'ala wadda ta daɗe tana wahalar da iyaye a ƙasar Amurka, watau wane ne zai biya kuɗin gyaran maganar yaro idan harshensa ya ƙi sakuwa. A can magani yana da tsada ƙwarai, saboda haka galibin mutane su kan zuba kuɗi kowane wata ga kamfanin inshora, bisa sharaɗin in ciwo ya zo kamfanin ya ɗauki nauyinsa. Masu ciniki sun san hukuncin irin wannan alkawari: ranar da gardama ta tashi, abin da ke rubuce a takarda shi za a duba. To, a cikin wannan mas'ala kalma guda ce a takardar ta daɗe tana raba yara da magani.

Larurar magana iri-iri ce. Akwai yaro mai nauyin baki, ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, alhali tsararrakinsa suna ta surutu. Akwai mai tsamin baki, wanda waɗansu haruffa ba su fita daidai a bakinsa. Akwai mai i'ina, wadda galibi ta kan soma tsakanin shekara 2 da 6. Akwai kuma wanda rashin ji sosai ya hana shi koyo, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa. Wani binciken lafiya da gwamnatin Amurka ta yi cikin 2012 ya nuna kusan yara 8 cikin 100, 'yan shekara 3 zuwa 17, sun yi fama da larurar murya, ko ta magana, ko ta haɗiya a cikin shekarar, kuma waɗanda su ka sami taimako a cikinsu kaɗan su ka ɗara rabi.

Masu wannan aiki na gyaran magana mutane ne da su ka yi karatunsa, suna da ƙungiya tasu a Amurka wadda asalinta ya koma 1925. Wanda ya taɓa zaunar da almajiri yana nuna masa mafitar haruffa, ina harshe zai taɓa, yaya leɓe zai haɗu, ya san wani yanki na aikinsu. Sai dai su kan fara da gwaji, su auna abin da yaro ke ganewa da abin da ya ke iya furtawa, kana su zauna da shi sau ɗaya ko biyu a mako, wata da watanni, wani har shekaru. Kowane zama kuwa da kuɗinsa. Daga nan wahalar iyaye ke farawa.

Kamfanoni da yawa sun kasance suna rubutawa cewa za su biya gyaran magana idan na maido da abin da ya ɓace ne. Misali, dattijo ya yi shekara saba'in yana magana, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta ɗauke. Wannan za a biya masa, domin yana da abin da za a maido. Amma yaro ɗan shekara uku wanda bai taɓa yin magana ba, sai a ce masa babu abin da ya rasa, balle a maido masa. Jinkirin girma ne, a jira. Watau wanda ya samu ya rasa an ji ƙansa, wanda bai taɓa samu ba an sallame shi. Wani lokaci kuma sai kamfani ya ce wannan sha'anin karatu ne, iyaye su tafi makaranta.

Cikin 2010, zamanin Shugaba Barack Obama, aka kafa babbar dokar inshorar lafiya wadda jama'a ke kira Obamacare. Dokar ta lissafta nau'i 10 na magani da ya wajaba waɗansu inshora su ɗauka tun daga 2014, a cikinsu ta haɗa abu biyu wuri guda: maido da iyawar da ta ɓace, da koyar da iyawar da ba a taɓa samu ba. Har a bayanin da gwamnati ta yi wa kalmar ta biyu an buga misali da yaron da bai yi tafiya ko magana ba a lokacin da ya kamata. Dokar kuma ta hana kamfani ƙin karɓar mutum saboda larurar da ya ke da ita tun da farko.

Ko da ya ke haka ne, ƙofa ba ta buɗe duka ba. Wajabcin nan ya hau kan inshorar da mutum ya saya da kansa, da ta ƙananan ma'aikatu. Manyan ma'aikatu ba ya kansu. Da yawa daga cikinsu ma su ne ke biyan kuɗin maganin ma'aikatansu daga asusunsu, kamfanin inshora rubutu kawai ya ke riƙe musu, kuma wata dokar tarayya ta 1974 ta fitar da irin waɗannan daga ƙarƙashin dokokin inshora na jihohi. Fiye da rabin masu samun inshora ta wurin aiki a irin wannan tsari su ke. Sa'an nan ko inda aka yarda za a biya, a kan ƙayyade zama, wani kamfani 20 a shekara, wani 30. Yaron da a ke gani sau biyu a mako, kafin wata huɗu rabonsa ya ƙare.

Abin mamaki, ɗan talaka a nan ya fi ɗan mai albashi kariya a doka. An kafa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, cikin 1965, aka ƙara mata wani sashi cikin 1967 domin yara. Hukuncinsa a yau shi ne duk wanda bai kai shekara 21 ba a duba shi, a kuma yi masa maganin da ya zama lalle domin gyara larurarsa ko sauƙaƙa ta, har da gyaran magana. Akwai kuma hanyar makaranta. Dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati su ba yara masu larura ilmi kyauta tare da taimakon da su ke bukata, cikin 1986 aka ƙara da jarirai daga haihuwa zuwa shekara 3. Sai dai makaranta tana duban abin da ya taɓa karatu ne, sau da yawa kuma ta kan haɗa yara da dama a zama guda.

Saboda haka masana wannan sha'ani su kan yi wa iyaye nasiha da tsari. Da farko su nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗa, su karanta abin da aka ɗauka da abin da aka togace. Na biyu a gwada jin yaron, a sami takardar likita da ta mai gyaran magana, mai bayyana sunan larurar, da sakamakon gwaji, da abin da zai faru in an bar ta. Na uku, in kamfani ya ƙi, ya ba da dalilinsa a rubuce, domin doka ta wajabta masa. Daga ranar ƙin iyaye suna da kwana 180 su ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, shi kuma ya amsa cikin kwana 30 in ba a riga an yi maganin ba, ko 60 in an yi. In ya sake ƙi da hujjar cewa maganin ba lalle ba ne, suna da wata 4 su kai ga mai duba na waje wanda ba ma'aikacin kamfanin ba, hukuncinsa kuwa ya hau kan kamfani tilas. Amma in sharuɗɗa sun togace maganin ƙarara, wannan hanya ba ta cika amfani ba, sai a nemi ma'aikatar ta sake sharuɗɗanta, ko a koma ga majalisa.

An kuwa koma. Michael Kidd-Gilchrist, wanda ya yi suna a wasan ƙwallon kwando a Jami'ar Kentucky kafin ya shiga sahun ƙwararru cikin 2012, da i'ina ya tashi. Bayan ya bar wasa ya tsaya gaban 'yan majalisa da harshen nan nasa mai sarƙewa, ya yi musu bayani. Cikin 2024 jihar Kentucky ta kafa doka cewa inshorar da ke ƙarƙashinta ta biya gyaran i'ina, ko ta tasowa ce ko ta ciwo, ba tare da ƙayyade yawan zama a shekara ba. Ma'aikatun nan masu biya daga asusunsu dai har yanzu dokar jiha ba ta kai gare su.

Mai karatu ya lura da abin da ke cikin haɗari. Kamfani yana iya jiran wata shida, takardarsa ba ta tsufa. Yaro kuwa shekarunsa na farko su ne lokacin da harshe ya fi saurin kamawa, icce kuma tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya shiga makaranta bai iya faɗin bukatarsa ba, karatu ya kan yi masa nauyi, tsararraki su yi masa dariya, har ya zaɓi yin shiru. Shi ya sa iyayen da su ka ci nasara su ne waɗanda su ka nemi gwaji da wuri, su ka adana kowace takarda, su ka kiyaye wa'adi, ba su ɗauki ƙi na farko a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Iyakar bayani ke nan. Wassalam.