Ruwa Kan Ci Gwani: Darasin Tuƙi Daga Kogin Ardesh

Mu da muka saba ganin kwalekwale yana ɗauke da buhunan hatsi da fasinjoji a kan Kwara da Binuwai, za mu yi mamaki in aka ce akwai waɗanda suke biyan kuɗi domin su tuƙa shi cikin ruwa mai gudu a tsakanin duwatsu, ba don kasuwa ba, sai don nishaɗi kawai. Amma haka abin yake a kudancin Faransa, a wani kogi da ake kira Ardesh, wanda yake malala cikin babban Kogin Ron. Mun ga ya dace mu duba yadda suke yi, gama akwai abin koyo a ciki.

Kogin ya ratsa wani kwazazzabo mai zurfi, daga garin Vallon-Pont-d'Arc zuwa Saint-Martin, tafiyar kimanin kilomita 30. Kusa da mafarin tafiyar akwai wani dutse da ruwa ya huda tun zamanin da, har ya zama kamar gada, tsayinsa ya haura mita 50, ta ƙarƙashinsa kuwa matuƙa suke wucewa. Tun shekarar 1980 gwamnati ta keɓe wurin, saboda haka masu yin tafiyar cikin kwana biyu ba su da izinin kwana sai a zango biyu, wato Gaud da Gournier.

Jirgin iri biyu ne. Akwai kwalekwale buɗaɗɗe, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki ɗaya irin namu. Akwai kuma kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara; a cikinsa mutum yakan zauna ya miƙe ƙafafu, filafilinsa kuma baki biyu gare shi, dama da hagu. Masana sun kasa ruwa mai gudu aji shida, daga na 1 mai ƴar igiya kaɗan har zuwa na 6 wanda shigarsa sayar da rai ne. A lokacin zafi, sa'ad da ruwa ya ja baya, gangaren Ardesh na masu sauƙi ne, shi ya sa iyali sukan je da ƴaƴansu. Duk da haka doka ta ce dole mutum ya iya iyo, dole ya sa rigar kariya, yaron da bai kai shekara 7 ba kuwa ba a shiga da shi.

To, mene ne ake koya wa sabon shiga? Da fari, a karanta ruwa kafin a shige shi. Inda ruwa ya ratsa tsakanin duwatsu biyu yakan yi sumul, ya tsuke kamar bakin mashi yana nuna gaba. Nan ne hanya, nan ne zurfi. Inda kuwa tsinin yake kallon matuƙi, ruwa yana rabuwa biyu, akwai dutse a ɓoye. A bayan kowane babban dutse ruwa yakan lafa, har ya juyo baya kaɗan, nan ne matuƙi yakan raɓe ya huta, ya hangi abin da ke gaba. In bai ga hanyar sarai ba, sai ya fita gaɓa ya duba da ƙafa. Ba abin kunya ba ne a ɗauki jirgi a kewaye wuri mai wuya.

Na biyu, kada a daina tuƙi. Tsoro yakan sa baƙo ya ɗaga filafili ya kama gefen jirgi, alhali filafilin da ke cikin ruwa shi ne abin dogararsa. In kuma ruwa ya kai jirgi ya gicciye a jikin dutse, jiki yakan so ya kauce wa dutsen. Kuskuren ke nan. Sai a karkata zuwa wajen dutsen, domin ruwan da ke tahowa ya bi ta ƙarƙashin jirgi. In aka karkata ɗaya gefen, ruwa ya sami baki ya shiga, nan take sai kifewa.

Na uku shi ne abin da za a yi bayan an kife, gama ko gwani yakan kife. Mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna saman ruwa, domin su ne za su tare dutse maimakon kai. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu, ko da iyakarsa cinya ne, gama ƙafa takan maƙale a tsakanin duwatsu, ruwa ya tura mutum ya danne shi rubda ciki. Kada kuma ya bari jirgin ya kasance a bayansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kwalekwalen da ya cika kuwa yana ɗauke da ɗaruruwan litoci; in ya matse mutum a jikin dutse, ba ƙarfin da zai ture shi. Itacen da ya faɗi cikin kogi ya fi dutse haɗari, domin ruwa yana wucewa ta cikin rassansa, mutum kuwa ba ya wucewa.

Har wa yau, kogin jiya ba shi ne na yau ba. Ardesh ɗin nan da yara suke wasa a cikinsa, da kaka in aka yi ruwa mai yawa a kan tuddai yakan cika cikin sa'o'i kaɗan, kamar yadda ya yi mummunar ambaliya a watan Satumba na 1890. Shi ya sa in ruwa ya wuce wani ma'auni, hukuma takan hana shiga.

A nan ne maganar ta dawo gida. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a Kogin Kwara, a yankin Pategi, suna dawowa daga biki cikin dare. Waɗancan masu wasa ne, sun iya iyo, da rana suke tafiya a ruwa mai sauƙi, amma ba sa shiga sai da rigar kariya. Mu kuwa da muke haye manyan koguna da mata da goyo, sau nawa muke tambayarta?

Saboda haka, ƴan'uwa, duk ƙungiyar da take shirya tafiya ta ruwa, ko ta mata ko ta matasa, ta sa kuɗin rigunan kariya cikin lissafi tun farko. A ƙidaya mutane kafin a tashi, a ƙi jirgin da ya cika, a kuma haye tun da sauran rana. Gara a kwana a gaɓa a rasa biki, da a kwana ana neman gawa.