Ƙwaƙwalwa: kowane sashe da aikinsa

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan Sallar layya ya ga ƙwaƙwalwa da idonsa. Abu ce mai taushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta rabu ɓari biyu, dama da hagu. A bayanta akwai wani ɗan dunƙule, a ƙasanta kuma wani sili da ke haɗewa da lakar ƙashin baya. Ta ɗan Adam ma haka fasalinta yake, sai dai ta fi girma ƙwarai. Nauyinta ga babban mutum bai kai kilo 1 da rabi ba. Amma in an kasa ƙarfin da jiki ke samu daga abinci kashi 5, kashi 1 ita ke cinye shi.

Ƙwaƙwalwa na da rabon aiki, kamar ranar shuka a gandu: wani na sara, wani na zuba iri yana rufewa. Sanin wannan rabo na iya ceton ran wani a gidanmu.

Wa ke yin me?

Sashen gaba, bayan goshi, shi ne mai shawara. Da shi muke tsara aikin gobe, da shi muke kama kanmu in rai ya ɓaci. A shekarar 1848, a ƙasar Amurka, albarushi ya fashe wa wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage. Sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta fita ta saman kai. Bai mutu ba, yana tafiya, yana magana. Amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sake: mai natsuwa ya koma marar haƙuri, mai ashar.

A saman kai, daga kunne zuwa kunne, akwai sashen da ke ba hannu, ƙafa da fuska umarnin motsi. Dab da shi ta baya akwai mai karɓar labarin fata: zafi, sanyi, ko sukar ƙaya.

A gefen kai, wajen kunnuwa, nan ake jin sauti. Can cikinsa kuma akwai wurin da ke taimaka mana riƙe sabon abin da muka koya.

Sashen ƙeya shi ke kula da gani. Ido na ɗauko hoto ne kawai, ƙeya ke gane shi. Shi ya sa mugun bugu a ƙeya kan taɓa gani, alhali idon lafiya lau yake.

Ɗan dunƙulen nan na baya shi ke daidaita tafiya da tsayuwa. In giya ta taɓa shi, sai mutum ya yi ta tangaɗi. Silin ƙasa kuwa shi ke riƙe da numfashi da haɗiya, yana kuma daidaita bugun zuciya. Ba ya hutawa ko muna barci.

Dama na hannun hagu

Jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa suna gitta juna a cikin silin nan. Don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke mulkin gefen dama na jiki, ɓarin dama kuma ke mulkin gefen hagu.

Ga yawancin mutane, magana a ɓarin hagu take. A shekarar 1861, wani likita na birnin Paris a Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ke gane abin da ake faɗa masa, amma bakinsa ba ya iya furta komai sai “tan”. Bayan rasuwarsa, likitan ya tarar da wani wuri da ya lalace a gaban ɓarin hagu. A 1874, wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani wuri na biyu kusa da kunnen hagu. In shi ya lalace, mutum na zuba magana marar kan gado, kuma ba ya gane ta mutane.

Shanyewar ɓarin jiki

Kowane sashe na da jijiyoyin da ke kai masa jini. In jijiya ta toshe ko ta fashe, sashen ya rasa iska da abinci, aikinsa ya tsaya nan take. Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki ke nan. Yanzu mun gane dalilin da ya sa wanda hannunsa na dama ya mutu sau da yawa maganarsa ma kan ɗauke: wuraren biyu maƙwabta ne a ɓarin hagu.

Da yake ciwon na faɗowa farat ɗaya, wasunmu kan ce iska ce ta bugi mutum, ko jifa aka yi masa. Sai a kwana ana turare, jijiya kuwa tana toshe. Kowane minti da ya wuce, wani yanki na ƙwaƙwalwa na mutuwa.

Mu lura da alamu uku:
1. Baki ya karkace gefe guda.
2. Hannu ko ƙafa na gefe guda ya yi nauyi, ba ya ɗaguwa.
3. Magana ta sarƙe, ko ta ɗauke.

Ko ɗaya muka gani, mu nemi mota ko amalanke, mu kai shi gidan likita mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Ko alamar ta wuce da kanta, a je, domin gargaɗi ce. Kada a ɗura masa ruwa, fura ko jiƙo, don haɗiya kan lalace, abin ya faɗa huhu. Kada a ba shi ƙwayar magani ta kan tebur. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Mu riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

Rigakafi ya fi magani

Babban mai jawo wannan ciwo shi ne hawan jini, wato tansiyo. Sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya zarce, kuma aka sake aunawa wata rana aka tarar haka, to sai a bi maganar likita. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Mu rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali guda. Mu bar taba. Masu hawan moto su sa hular kwano.

Ƙwaƙwalwa na koyo har tsufa

Wanda ciwon ya sama ba mahaukaci ba ne. Mu riƙa yi masa magana sannu-sannu, muna motsa masa hannu da ƙafa kamar yadda likita ya nuna. Sassan da suka tsira na iya ɗaukar wani abu daga aikin wanda ya lalace.

Mu ɗaliban yaƙi da jahilci ma shaida ne. A 2010, masana ƙarƙashin Stanislas Dehaene na Faransa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a Burazil da Fotugal. Sun ga cewa waɗanda suka koyi karatu da girmansu, wani wuri a ƙasan ɓarin hagu, wajen ƙeya, ya koyi gane baƙaƙe. Wurin nan ne ke aiki yanzu da kuke karanta wannan shafi. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, musamman alamun nan uku.

Allah shi ba mu lafiya, amin.